Guguwa ta hau tudu, ba ƙasa ce ta rufta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi kan yadda ake fassara kalmar Turancin nan landfall a labaran guguwar teku. Wani ya ce guguwa ta "afka wa ƙasa", wani kuma har ya kai ga cewa "ƙasa ta zaftare". Wannan na biyun kuskure ne babba, domin zaftarewar ƙasa wata masifa ce daban, ta gangaren dutse da laka.

Asalin kalmar ta matuƙan jirgin ruwa ce: lokacin da suka hango ƙasa ko suka isa gare ta bayan doguwar tafiya a teku, kamar yadda Kolumbus ya isa wani tsibiri a Bahamas ranar 12 ga Oktoba, 1492. A nan ba mu da matsala. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya san abin da ake nufi da jirgi ya kai gaci.

Amma guguwa ba a ce mata ta kai gaci, sai ka ce ana yi mata barka. A wurin masana yanayi, kalmar na nufin daidai lokacin da tsakiyar guguwar, wato idonta, ya ƙetare gaɓar teku ya hau tudu. Kafin nan iska da ruwa sun riga sun yi sa'o'i suna kwashe rufin gidaje, don guguwar na iya kai faɗin ɗaruruwan kilomita. Kuma tana iya hawa fiye da sau ɗaya. Guguwar Katrina ta hau a kudancin jihar Florida ta Amurka ranar 25 ga Agusta, 2005, ta koma ruwa ta ƙara ƙarfi, sannan ta sake hawa a Louisiana ranar 29. Idonta ma ta gabashin New Orleans ya bi, amma madatsun ruwa suka fashe, mafi yawan birnin ya nutse. Ita ma guguwar Freddy sau biyu ta hau tudu a Mozambik a 2023.

Don haka in an ce "idon guguwar zai hau tudu da asuba", a ƙara da cewa ɓarna kan fara tun da dare. Don Allah a duba wannan a ɗakin labaranku.

Naku,
Wani mai sauraro daga Yawuri