Rashin kuɗi na sa maras lafiya ɓoye wa likita gaskiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da na gani da idona tun da na fara raka ƙanwata wani asibiti a birni, saboda ciwon damuwa da ya kama ta bayan haihuwa. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai mun kai gero kasuwa kafin mu haɗa kuɗin mota, ba a ma zo kan kati da magani ba.

Maganin wannan ciwo sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninsa. Da hannu ya yi ƙasa, sai ƙanwata ta riƙa raba ƙwaya biyu, tana ƙulle rabin a bakin mayafi don gobe. Ranar da likita ya tambaye ta, "Malama, kina shan maganin yadda na ce?", ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina sha, likita." Ina zaune a gefe, kunya ta hana ni cewa uffan. Shi kuma da bai ga sauƙi ba, ya ɗauka maganin ne bai karɓe ta ba, ya sauya mata wani wanda ya fi tsada.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasunsu kuma na tafiya Ingila da Saudiyya neman albashi mai tsoka, don haka wanda ya rage ba ya samun lokacin zama ya saurari kowa, alhali sauraron nan rabin magani ne. Wata rana bawan Allahn nan ya ba ta kuɗin mota daga aljihunsa. Allah ya saka masa da alheri, amma tun daga ranar ta ƙara jin nauyinsa, har ta kasa gaya masa cewa har yanzu ba ta samun barci, gudun kada ya ga kamar alherinsa ya tashi a banza.

An sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina kira ga gwamnatin Jigawa da hukumar inshorar lafiya ta jihar, wato JICHMA, su tabbatar magungunan nan suna isa asibitocin karkara cikin rahusa, a kuma horar da ma'aikatan da za su riƙa duba irin ƙanwata a kusa da gida. Likitoci kuwa ina roƙonsu, kafin su rubuta magani, su tambayi mutum a asirce ko zai iya saye. Wata mai zuwa za mu koma, kuma na ƙudura zan gaya masa zancen rabin ƙwayar nan da bakina.

Naku,
Wani mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa