Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Najeriya (NFF): Gwiwoyin Yaranmu Na Tsinkewa, Alhali Rigakafin Na Hannunmu

Ranka ya daɗe Alhaji Ibrahim Musa Gusau, assalamu alaikum. Muna fatan kana lafiya, ya ɗawainiya?

A watan Satumban 2022, watan da aka zaɓe ka a birnin Benin, Umar Sadiq ɗan Kaduna ya tsinka jijiyar gwiwarsa jim kaɗan bayan komawarsa Real Sociedad. Kakar wasa sukutum ta wuce shi, duk da cewa yana hannun ƙwararrun likitocin Sifaniya. Shi Allah ya taimake shi ya dawo. Yaron da irin wannan ta same shi a filin ƙasa a Gusau ko Zariya, galibi ƙwallonsa ta ƙare ke nan, ba tare da kowa ya san sunan abin da ya same shi ba. A kan wannan yaron muka rubuto maka.

Jijiyar da muke magana ita ce ake kira ACL. Tana can tsakiyar gwiwa, ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ko ya murɗe a ƙarƙashin ƙashin cinya. Mafi yawan tsinkewarta ba wani ne ke taka ɗan wasa ba. Yana gudu ya taka birki, ko ya yanke kwana, ko ya diro daga sa kai a kan ƙafa ɗaya. Tafin ƙafar ya kafe a ƙasa, gwiwar tana kusan miƙe, sai ta lanƙwasa ciki, gangar jiki ta rinjaya gefe. Kafin ƙiftawar ido an gama. Sau da yawa ɗan wasan kan ji ƙara ɓas, kuma cikin 'yan sa'o'i gwiwar ta kumbura suntum saboda jini ya taru a ciki. 'Yan mata sun fi maza shiga wannan haɗari, ninki biyu ko fiye.

Abin da ke ƙona mana rai, ranka ya daɗe, shi ne an daɗe da sanin yadda ake rage wannan, kuma a ƙasar nan aka gwada aka gani. A 2014 Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a gasar matasa ta Legas: ƙungiyoyi 20, 'yan wasa sama da 400. Rabi suka riƙa ɗumama jiki da tsarin FIFA 11+, wato wani jerin atisaye na rigakafin rauni, rabi suka ci gaba da yadda suka saba. Raunuka suka ragu da kashi 41 cikin ɗari a ɓangaren masu tsarin, raunukan ƙafa kuwa da kashi 48. A Suwidin, wani tsari makamancinsa da aka gwada a kan 'yan mata fiye da 4,500 ya rage tsinkewar ACL da kashi 64. Binciken Legas ya haura shekara goma. To a je filin atisaye gobe da yamma a ga abin da ake yi: zagaye biyu na fili, a ɗan miƙa cinya, a raba riga, a take wasa. Ka sha faɗin cewa ƙwallon matasa da gasar cikin gida su ne a gabanka. Ga wurin da za a ga hakan a aikace, kuma ba ya cin ko sisi.

Tsarin FIFA 11+ minti 20 ne kacal, aƙalla sau biyu a mako. Kayan aikinsa ƙwallo da alamomi goma sha biyu da za a jera layi biyu, tazarar mita 5 zuwa 6 tsakaninsu. Ko gorunan ruwa aka jera sun wadatar. Minti 8 na farko gudu ne a hankali, ana buɗe ƙugu waje da ciki, ana tsalle a haɗa kafaɗa da abokin atisaye a diro daidai. Minti 10 na tsakiya su ne ƙashin bayan abin. Ɗan wasa ya dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku, sannan ya yi ta gefe. Sai ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa faɗawa gaba sannu a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya; sabon shiga ya fara da 3 zuwa 5, ya hau har 12 zuwa 15. Sai tsayuwa a kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, sai tsugunno, sai tsalle. Minti 2 na ƙarshe gudu ne da ƙarfi tare da yanke kwana. Ranar wasa kashi na farko da na ƙarshe kawai ake yi.

Inda ake ɓata shi shi ne wajen sa ido. Koci ya tsaya a gaban ɗan wasa ya duba: ƙugu da gwiwa da yatsan ƙafa na biyu su kasance a layi ɗaya. Idan gwiwa ta faɗa ciki wajen tsugunno ko dirowa, a tsayar da shi a gyara nan take, domin wannan faɗawar ita ce dai wadda ke tsinka jijiya a wasa. Dirowa ta zama a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa da ƙugu a lanƙwashe, ba tim a kan dunduniya ba. Kuskure na biyu shi ne a yi mako uku a watsar da zarar gasa ta kankama. Bincike ya nuna ƙungiyoyin da suka fi lazimtarsa su suka fi samun kariya.

Muna roƙonka kada a kashe kuɗi wajen sayo na'urorin da za a ce suna hango wanda jijiyarsa za ta tsinke. An gwada. A Norway an auna yadda ƙwararrun 'yan wasa mata fiye da 700 ke dirowa daga tsalle, aka bi su shekaru, gwajin bai iya ware waɗanda za su ji rauni daga waɗanda ba za su ji ba. Alamar da ta fi tabbata ita ce tsohon rauni: wanda ya taɓa tsinka ACL ya fi kowa kusa da sake tsinkawa, a wannan gwiwar ko ɗayar. Saboda haka kowa ya yi atisayen, masu tsohon rauni kuma a ƙara musu kulawa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rajista. Kowace ƙungiya a gasar NPFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasa, da ta mata ta riƙa rubuta wanda ya ji rauni, a wace gaɓa, a wane irin fili, kwana nawa ya yi bai taka leda ba.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan raunin. Ana ɗaukarsa targaɗe, a kai yaro wurin mai ɗori ya murza ya ɗaure. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai a ce ai ba karaya. Bayan makonni kumburi ya saɓe, ya koma fili, gwiwar ta sake zamewa, wannan karon ta yaga guringuntsi. Duk gwiwar da ta kumbura a ranar da aka ji ciwo, likita ya gwada ta da hannu, a yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya, in da hali. Wanda aka yi wa tiyata kuma kada a mayar da shi wasa kafin wata 9, kuma sai ƙarfin cinyarsa da tsallensa na ƙafa ɗaya sun kai kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar ƙafar. Dogayen ƙusoshin takalmi a busasshen fili ko ciyawar roba su ma suna da nasu kason wajen jawo raunin.

Abin da muke nema daga ofishinka ƙarami ne. A sa FIFA 11+ cikin kwas ɗin lasisin koci tun daga matakin farko, kada a ba kowa takarda sai ya jagoranci minti 20 ɗin a gaban masu jarrabawa. A sa shi cikin sharuɗɗan lasisin ƙungiyoyi da rajistar makarantun ƙwallo. A fassara shi da Hausa da sauran harsunanmu, a yi gajeren bidiyo da kocin unguwa zai buɗe a wayarsa, a tura ta hannun hukumomin ƙwallo na jihohi. Don Allah a fitar da wannan umarni kafin a buɗe kaka mai zuwa. In ana buƙatar masu koyar da kociyoyin, a shirye muke.

Wassalam.

Daga wasu likitocin ƙashi da na gashin ƙashi masu kula da 'yan wasa.