Rahoton Ayyukan Shekara: Neman Takardun Mamatanmu Domin Gado da Tarihin Zuri'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata da sauran 'yan uwa membobi, ga rahoton kwamitin zartarwa na abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Muna roƙon Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara shekarar tare da su ba su kai ƙarshenta ba, Ya kyautata namu zuwan. Bayanin shige da ficen kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dabam a wajen taro.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne rakiyar zawarawa da marayu neman takardar shaidar mutuwa. Kusan duk wanda ya zo mana, sai da banki ko ofishin fansho ya mayar da shi tukuna ya san akwai wata takarda mai wannan suna. Dalilin a bayyane yake. A nan Kano mutum zai rasu da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kuma haka addini ya koyar, ba mu da ja a kai. Sai dai a yi zaman makoki, a yi sadakar uku, a watse, ba wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta ko da ranar. Alhali tun 1992 akwai doka mai lamba 69 da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda take da jami'an rajista a ƙananan hukumomi da wasu asibitoci. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta kwamfuta. Duk da haka, sai an kai labarin rasuwar kafin a shigar da ita, kuma kai labarin aikin iyali ne.

Mun sha yi wa mutane bayanin cewa takardar da likita ke bayarwa, wadda ke faɗin musabbabin rasuwa, dabam take da ta Hukumar Ƙidaya. Ta likita ita ake ɗauka a kai wa hukuma don a samu ta biyun. Wanda ya rasu a gida kuwa, kuma su ne mafi yawan waɗanda muka yi wa aiki, hanyar da muka riƙa bi ita ce wasiƙar mai unguwa da sa hannun dagaci ko hakimi, sai takardar rantsuwa a kotu daga bakin wanda ya halarci jana'iza, sannan a nufi ofishin rajista. Idan rasuwar ta kwana biyu, komai yakan ƙara tsawo. Bayan nan ne ake neman takardar izinin karɓar dukiyar mamaci a sashen da ke kula da wannan a babbar kotu, wadda bankuna da kamfanonin fansho ke tambaya, rabon gadon kansa kuma a yi shi a kotun shari'ar Musulunci ko a gaban malamin da magada suka aminta da shi.

Abin da ya fi ba mu wahala bai wuce saɓanin suna ba. Wata baiwar Allah ta zo mana bayan fitarta takaba da 'yan kwanaki, goye da jariri, da baƙar leda cike da takardun maigidanta. Da muka baje su a tabarma sai muka ga Muhammad a katin NIN, Mohammed a banki, Mamman a takardar ɗaukar aiki, can a shaidar firamare kuma an maƙala masa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, kamar yadda aka saba yi wa 'yan makaranta a da. Shekarar haihuwa ma biyu ce. Ta kalle mu ta ce, "Malam, wallahi duk shi ne, mutum ɗaya na aura." Mun san gaskiya ta faɗa, amma ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta ba zai gamsu da wannan ba. Sai da aka yi wata rantsuwar, aka nemo abokan aikinsa biyu, aka yi ta zirga-zirga wata da watanni, yara suna gida an kore su kan kuɗin makaranta. Alhamdu lillahi an biya su. Muna roƙon kowane memba ya duba takardunsa tun yana raye ya daidaita sunansa da kansa, domin abin da zai gyara cikin sauƙi yau shi ne zai zame wa iyalinsa jidali gobe.

A ɓangaren ma'aikata, iyalai da dama ba su san cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya tara a asusun fanshonsa. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu, na ɗaukar wanda mamaci ya rubuta a fayil a matsayin makusancinsa kamar shi ne mai dukiyar. Wannan wakili ne kawai da za a tuntuɓa. Kuɗin na magada ne duka, bayan an biya bashi an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas. Mun ga ƙanen mamaci da ya kulle takardu a akwatinsa ya hana matar wansa ko ganinsu. Kwamiti bai ɓoye ɓacin ransa ba, mun haɗa shi da limamin unguwarsu da dattawan gidan har ya fito da su.

Akwai inda ranar rasuwa kanta take yanke hukunci, kuma nan ne aikin shari'a da aikin tarihin zuri'a suke haɗuwa. A mazhabar Malikiyya, idan ɗa ya riga mahaifinsa rasuwa, 'ya'yansa ba sa gadon kakan nan matuƙar akwai baffanninsu maza a raye. Idan kuwa uban ne ya riga shi, ko da yini ɗaya ne, rabon ɗan ya tabbata, sai ya gangaro kan nasa 'ya'yan. Bana mun shiga maganar wani gidan gado a cikin birni da aka bari ba a raba ba har magadan farko suka ƙare, lamarin ya zama abin da malaman fara'ili ke kira munasaha, gado a kan gado. Duk rigimar ta tsaya kan wa ya riga wa, tsakanin wani dattijo da babban ɗansa, kuma babu takarda ko ɗaya. Sai muka koma wurin tsofaffi. Su ba sa ƙirga da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa: shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, shekarar canjin hannun tuƙi, 1972, shigowar naira, 1973, rasuwar Murtala, 1976, rikicin Maitatsine, ƙarshen 1980. Wata gwaggo a gidan ta ce tana takabar mijinta aka fara kashe sabon kuɗi, wata maƙwabciya kuma ta tuna cewa tsohon da kansa ya raba sadakar arba'in ɗin ɗansa. Da aka kai shaidun nan gaban alƙali, magana ta warware. Matan nan biyu duk sun haura tamanin. Da an ƙara jinkiri, Allah kaɗai Ya san wanda za a tambaya.

Masu neman salsalar gidajensu sun ƙaru sosai, musamman matasa. Ƙaramin kwamitin bincike ya ziyarci gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano. Abin da ya fi amfani shi ne kundayen kotunan alƙalai na zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna. Da yake ana cire ushira a duk gadon da alƙali ya raba, dole magatakarda ya rubuta sunan mamaci da magadansa da abin da ya bari, har su riga da tukunya da jaki. Yawancinsu da Larabci suke, da rubutun hannu irin na da, sai da muka nemi taimakon malaman zaure kafin mu karanta. Neman su ma aiki ne, domin kotunan sun bar hannun En'e sun koma hannun gwamnatin jiha wajen 1968, ga kuma ƙirƙirar jihohi da ta raba fayiloli: Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991. Tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suna ɗauke da labaran rasuwa, amma galibi na sarakuna da hakimai da manyan malamai ne. Talaka ba kasafai yake fitowa ba, mace kuma ta fi shi wuyar samu, tunda ko a gida da sunan 'ya'yanta ko da laƙabi aka san ta.

Mafi kyawun abin da muka samu bana daga cikin gida ya fito. A wata tsohuwar gafaka, a bayan warƙar ƙarshe ta wani littafin fiƙihu, kakan wani membanmu ya jera haihuwa da rasuwar mutanen gidansa da ajami, da tawadar zuge, kowanne da ranarsa da watansa na Hijira. Gara ta ci gefe ɗaya. Mun ɗauki hotonta, mun mayar da ranakun lissafin Miladiyya, muna sane da cewa ganin wata kan kawo bambancin yini guda. Duk mai irin wannan a gida, don Allah kada ya bari damina ta sake wucewa a kanta.

Waɗanda suka rasu a wajen ƙasa, kowanne da ƙofarsa. Alhazan da Allah Ya karɓi ransu a ƙasa mai tsarki, irin na turmutsutsun Mina na 2015, hukumomin Saudiyya ne ke ba da shaidar, a bi ta hukumar alhazai ta jiha da ta ƙasa da ofishin jakadancinmu na Jidda. A Nijar ana rajistar a ma'aikatar magajin gari, idan wa'adi ya wuce sai da hukuncin kotu. Wani membanmu ya samu sunan kakansa cikin jerin sojojin da suka mutu a yaƙin ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta sa a intanet kyauta. Sunansa da sunan garinsu da lambar soja da ranar rasuwa, shi ke nan, amma ya yi kuka da ya gani. Masu dangi a zangon Kumasi da garin Mai Wurno na Sudan kuwa, wasiƙu muke ta aikawa ta hannun 'yan uwa, aikin bai kammala ba.

Maganar wanda ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba, ba ma yanke ta da kanmu. Dokar shaida ta ƙasa tana ɗaukarsa a matsayin mamaci bayan shekara bakwai ba labari, a Malikiyya kuma matarsa takan jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara sannan ta yi idda. Kotu muke tura su.

Kowa yana tune da mace-macen Kano na watan Afrilun 2020, lokacin korona, yadda aka koma tambayar masu haƙar kabari don a san adadin waɗanda aka binne. Wannan ya sa bana muka sayi manyan littattafan rajista muka ba wasu limaman unguwanni da kwamitocin maƙabartu, a riƙa rubuta suna da sunan mahaifi da unguwa da rana. Wasu sun riƙe abin da gaske. Wasu littattafan mun tarar da su fari fat, don babu wanda aka ɗora wa alhakin rubutun, kuma masu haƙar da kansu ba albashin kirki gare su ba balle a ƙara musu aiki. Shawarar kwamiti ita ce a ware ɗan alawus ga matashi ɗaya a kowace maƙabarta, taro ne zai amince ko ya ƙi.

Muna jan kunnen membobi game da 'yan kan hanya da ke tsayawa bakin kotuna suna cewa za su kawo takarda a yini ɗaya. Ta jabu ce, kuma in aka gano, magada ne a ciki. A karɓi rasit a kan kowane kuɗi da aka biya.

A shekara mai kamawa za mu naɗa mutum biyu a kowace unguwa, namiji da mace, waɗanda za su je gaisuwa su kuma tuna wa iyali maganar rajista kafin a tashi daga zaman makoki. Za mu kuma fara naɗar muryoyin tsofaffin gidajenmu da izininsu, mu fara da mata. Muna godiya ga lauyoyi da malaman da suka yi mana aiki kyauta, da iyayen ƙasa da suka sa hannu ba tare da ɓata lokaci ba. Mai zuwa babban taro ya taho da katinsa na NIN da takardar banki da ta wurin aiki, za a ajiye tebur a bakin zaure don duba saɓanin suna kafin a buɗe taro.

Wassalamu alaikum.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.