Godiya ga masu shagon tabarau da suka ƙi karɓar kuɗina

Assalamu alaikum jama'a. Wannan godiya ce nake son miƙawa a bainar jama'a ga wani shagon tabarau da gwajin ido da ke nan cikin birnin Katsina, wajajen Ƙofar Kaura. Alhaji mai shagon ya roƙe ni kar in sa sunanshi, wai yana tsoron riya, toh na bar sunan amma labarin kam sai na faɗa.

Satin da ya wuce na kai Hajiyarmu a canza mata gilashin karatu, dan Alƙur'anin ma yanzu sai ta kai shi nesa take gani. Muna zaune ana gwada ta sai idona ya kai kan wasu baƙaƙen tabarau a cikin shokes, irin masu duhun nan sosai. Dama tun da na ji labarin kusufin ranar da ake sa ran zai faru ranar 2 ga Agusta 2027 yaran gida suka hana ni sakat, kowa sai ya gani, sai nace bari in saya guda huɗu in aje kafin kaya su ƙara tashi. Yaron shagon har ya fara sa su a leda. Alhaji na daga ciki ya ji na ambaci kusufi, ya leƙo yace Malam me za ka yi da su? Na faɗa mashi. Yace wa yaron maida su.

Wallahi na ɗan ji haushi, ga kuɗi a hannuna na ƙirga. Yace in dan kwalliya ne ko ƙurar hunturu zai sayar mani ko guda goma ne, amma in dan yara su kalli rana ne ko nawa zan biya bai sayarwa. Wai baƙin tabarau komai duhunshi ba a yi shi dan kallon rana ba, illarshi ma ita ce yana rage maka ɗaukar ido sai ka samu damar ƙura mata ido ka daɗe, haske kuma yana can yana ƙona bayan idon, wurin da hoto ke sauka. Kuma wurin nan bai jin zafi ko kaɗan. Sai bayan wasu awanni ko washegari mutum ya tashi ya ga wani tabo a tsakiyar ganinshi, wani ya warware a hankali, wani kuma ya zauna da shi har abada.

Nan jikina ya yi sanyi, dan abin da ya faɗa a gidanmu ya faru. Duk wanda ya yi wayo a garin nan ya tuna ranar Laraba 29 ga Maris 2006, zamanin marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna, da rana ta rufe ruf da hantsi, gari ya yi duhu kamar magariba na 'yan mintuna, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai aka cika ana sallar kusufi. Mu lokacin samartaka na kai, muka hau soro da tsohon fim na hoton ƙashi da fasasshen gilashi da muka turara da hayaƙin aci-bal-bal, wasu kuma na leƙen ruwa a cikin roba wai a nan ba komai. Ƙanena shi ya fi kowa daɗewa yana kallo tun kafin ta rufe. Har yau in yana karatu sai ya ɗan karkata kai, akwai ɗigon da ke cinye mashi harafi a idon dama. Shekara da shekaru muna cewa ajali ne na ido kawai.

Da na ba Alhaji labarin sai yace duk abubuwan nan uku ba wanda ke karewa, har ruwan robar, dan hasken dawowa yake cikin ido. Ya jawo durowa ya fiddo wani ɗan tabarau na kwali, ka rantse wasan yara ne, yace in sa. Na sa, ban ga komai ba, ko hannuna. Ya kunna tocilan ɗin waya a gabana, da ƙyar na ga alamar wani ɗigo. Muka fita bakin shago na ɗaga kai sai ga rana 'yar ƙarama zagayayya kamar kwabo, ba ɗaukar ido ba komai. Ya nuna mani rubutun da ke gefe, ISO 12312-2, wato alamar ingancin tabarau ɗin kallon rana, yace in haddace, ko da yake masu jabu ma suna iya bugawa dan haka a saya wurin wanda aka yarda da shi, kuma in ya huje ko ya karce a yar. Na tambaye shi gilashin masu walda fa? Yace sai in mai lamba 14 ne, kuma yawancin wanda ke hannun masu waldarmu bai kai nan ba. Ya kuma ja mani kunne kar wanda ya sa tabarau ɗin sannan ya leƙa ta madubin hangen nesa, yanzu hasken zai ƙone takardar tabarau ɗin ya wuce ido.

Abin da ya fi burge Hajiya shi ne na madambaci. Yace wanda bai da ko sisi ya ɗauko madambaci ko ya huda kwali da allura, ya ba rana baya, ya bar hasken ya ratsa hujin ya sauka ƙasa ko kan farar takarda, kowane huji zai zana ranar da gefenta a gutsure. Ko inuwar bedi ma ta isa, ka duba ƙasa za ka ga ƙananan jinjirin wata birjik. Hajiya tace ashe kayan dambunta na da wani aikin.

Ya ƙara da cewa na 2027 ɗin cikakken duhun ta Masar da Jidda da Makka zai bi, mu nan wani ɓangare ne kawai zai rufe, dan haka ba lokacin da za a cire kariya ko na daƙiƙa ɗaya, kar a ɗauka irin na 2006 ne. Ga shi kuma tsakiyar damina, ƙila ma hadari ya raba gardama.

Kusan rabin awa bawan Allahn nan ya ɓata a kaina, kwastomomi biyu na jira, kuma cinikin da na zo da shi da kaina ya kora. Alhaji Allah ya saka da alheri, ya yi wa kasuwa albarka, ya jiƙan mahaifa. Yaron shago kai ma na gode, ka yi haƙuri da hararar da na yi maka. Alhaji, alƙawarin da ka yi na cewa za ka yi odar na gaskiyar in lokaci ya matso, a rubuta mani guda shida, na ƙara da ƙanena da ɗiyarshi. Ranar Asabar kuma zan kawo shi ku duba idon nan, da ƙyar na shawo kanshi.

Naku, wani malamin firamare daga Ƙofar Marusa.