Godiya ga kamfanin da ke jinyar mahaifiyarmu a ɗakinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Hajiya shugabar kamfani da dukkan ma'aikatanta, musamman Malamar da ke wuni da tsohuwarmu.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin gidaje da yawa a Kano suna cikin halin da muka shiga, suna neman wanda za su damƙa wa amanar iyayensu, tsoro ya hana su. Ban sa sunan kamfanin ba, ban kuma sa na ma'aikaciyar ba, don in na sa su na nuna ƙofar gidanmu, lalurar tsohuwa kuwa ba abin tallatawa ba ce. Kun san kanku.

Hajiyarmu ta haura shekara 80. Ta daɗe tana fama da hawan jini, daga baya ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta harɗe. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Da za a sallame mu suka zayyana mana abin da ke gabanmu: a riƙa juya ta duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito mata, a ba ta abinci mai laushi tana zaune don kada ta ƙware, kada a tsallake magani, a ci gaba da gashin ƙashi. Muka amsa da to. Amma ni ina koyarwa, ina aure a Rijiyar Zaki. Yayanmu tun safe yana Kantin Kwari sai magariba. Autarmu tana aure a Kaduna. Ita kuma Hajiya ko da hannu ɗaya ta nuna mana ba za ta bar ɗakinta na cikin gari ba, inda ta haife mu, inda maƙwabta ke leƙo ta.

Farko mun bi hanyar da kowa ke bi. Wata mai kawo 'yan aikatau daga ƙauye ta kawo mana yarinya. Ba na ganin laifin yarinyar ko kaɗan, ita ma Allah ne gatanta. Ba ta da ƙarfin ɗaga babban mutum, ba wanda ya taɓa koya mata, dare na yi barci ya ɗauke ta. Ba a jima ba muka ga fatar ƙugun Hajiya ta yi ja, sannan ta buɗe.

Daga nan muka koma kan wani kamfani da muka gani a Facebook, hotuna tsaf-tsaf, ma'aikata cikin fararen kaya. Tun a waya suka yanke kuɗi, suka ce a tura na watanni gaba ɗaya kafin su turo kowa, ba su ko tambayi me ke damun majinyaciyar ba. Wadda suka turo da sunan nas ba ta iya ɗaura na'urar awon jini ba. Kullum kanta na kan waya. In za ta canza wa Hajiya ƙunzugu sai ta bar labule a ɗage, jikoki na shiga suna fita, tana ɗaga murya tana "Kaka, kin sake ɓatawa?" har a tsakar gida ana ji. Hajiya ba ta iya mayar da magana, sai dai hawaye. Mace ce da ko a gabanmu ba ta taɓa zama ba ɗankwali ba. Muka kai ƙorafi, suka canza wata ba sanarwa, ita ma ta yi 'yan kwanaki ta ɓace. Rannan kuma saurayi suka turo mana, wai ma'aikata mata sun yi ƙaranci. Namiji, ya yi wa uwarmu wanka! Da muka nemi ragowar kuɗinmu, waya ta daina shiga. Sai a lokacin muka gane ko ofis ba su da shi.

Ga kuma gorin dangi. Wai tsohuwa ta haifi 'ya'ya amma an ɗauko bare yana jinyarta. Masu faɗar haka sukan zo dubiya da lemo, su zauna kaɗan, su yi addu'a su tafi. Ba wanda ya taɓa cewa yau ni zan kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A wannan hali wata abokiyar aikina ta ba ni lambarku, na kira ba tare da na sa rai da komai ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kin ƙi faɗin kuɗi, Hajiya shugabar kamfani. Kika ce sai kin ga mai jiki. Kika zo da kanki tare da nas, kuka tuɓe takalma a bakin ƙofa, kuka durƙusa kuka gaishe ta, kuma ita kuka fuskanta kuna yi wa magana, ba mu ba. Kafin nas ta ɗaga zanenta ta duba gyambon sai da ta nemi izininta, ta kuma ce maza su ba su wuri. Kuka duba katin asibiti da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Kuka tambayi me take son ci, wane shiri take sauraro a rediyo, yaya take sallah yanzu. Tunda ciwon nan ya same ta ba wanda ya yi mana wannan tambaya ta ƙarshe.

Ba mu roƙa ba kika nuna mana takardar rajistarku ta hukumar rajistar kamfanoni (CAC) da lasisin nas ɗin daga Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Kika bayyana mana bambancin nas da mai kula da tsoho: allura, wanke gyambo da robar fitsari aikin nas ne, wanka da ciyarwa da juyawa kuma na mai kulawa ne da ta samu horo. Kika ce ajiye nas dare da rana asarar kuɗi ce a lalurar Hajiya, ya isa ta riƙa zuwa tana duba ciwon. Da kin ce mu biya mai tsadar, wallahi da mun biya, don a tsorace muke. Yarjejeniya a rubuce, biya wata-wata, da sharaɗin mace ce kaɗai za ta taɓa ta, da lambar da za a kira ko tsakar dare. Duk kun cika.

Amma Malama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ta fara aiki ta nemi a taya ta juya gadon, yadda in an karkata Hajiya za ta fuskanci alƙibla. Lokacin sallah na yi za ta yi mata alwala da ruwan ɗumi, in jikin ya ƙi ta taimaka mata da taimama, ta yafa mata mayafi, ta sa mata carbi a hannun hagu mai lafiya. Ba ta taɓa buɗe ta ba sai ta sakaya ƙofa. Ba ta kiranta da komai sai Hajiya, ita kuma Hajiya da harshenta mai nauyi "'yata" take ce mata. Kunun gyaɗa ko fate, cokali-cokali take ba ta, tana jira ta haɗiye, ko da za a kai tsawon lokaci. Ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, da sallah ta matso ta ƙunsa mata lalle. Ran nan Hajiya ta yi ta ɗaga hannu tana nuna wa duk wanda ya shigo.

Tana da littafin da take rubuta awon jini, lokacin magani, abin da aka ci da yawan ruwan da aka sha, har da lokacin da ta juya ta. A zafin watan Afrilu, da rana ke wuce ma'auni 40 a Kano, ita ta lura fitsarin Hajiya ya canza, jikinta ya yi zafi, ta fara rikicewa ba ta gane mutane. Wasu a gida suka ce a aiki yaro kemis. Malama cikin ladabi ta ce a'a, ta kira nas, nas ta ce a tafi asibiti yanzu. Gwaji ya nuna ciwon mafitsara ne, aka ba da magani ta dawo hayyacinta. Haka da wata gwaggonmu ta kawo jiƙo, ba ta kushe ba, ba ta kuma ba da shi ba, cewa ta yi a bari a tambayi likita ko zai yi karo da maganin hawan jini. Gyambon nan ya rufe. Ta kuma koya mana, har da jikoki mata, yadda ake juya mai jiki ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, saboda haka ranar hutunta ba ma shiga ruɗu.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki. Yau duk wanda ya mallaki waya da farar riga sai ya ce ya buɗe kamfanin jinya, ba mai tambayarsa ina ya koya, wa ya tsaya wa ma'aikatansa. Su karɓi kuɗi mai kauri a hannun iyali, su jefa wa ma'aikaciya abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 ba, ga kuɗin adaidaita ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wadda ba a biya ta haƙƙinta ba yaya za ta tsaya ta yi haƙuri da tsoho? Ƙwararrun ma'aikatan jinya kuma suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Tun 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021, kuma ina fata ita da ma'aikatar lafiya ta jiha za su fito da jerin kamfanonin da aka tantance, yadda ɗan Kurna ko Hotoro zai duba kafin ya tura kuɗinsa. Ku ma ba arha gare ku ba, mu uku muke haɗa kuɗin kuma muna ji a jikinmu. Ɗan fansho da ba shi da mai taimaka masa fa?

Roƙona gare ki, Hajiya, ki riƙe Malama da kyau, kada ki bari wani ya ɗauke miki ita. Ki kuma ƙara horar da maza, domin a layinmu kaɗai akwai dattijon da 'ya'yansa ke neman namijin da zai kula da shi, na kuma ba su lambarku. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya ba ku masu yi muku in kun tsufa.

Wassalam.

Daga ɗiyar Hajiya,
Rijiyar Zaki, Kano.