Zuwa ga Yaya, kan zauren gida da akwatin Malam

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali duka. Ka gaishe min da Inna ƙwarai, ka ce mata ta daina raba ƙwayar maganinta biyu don ya daɗe, kuɗinsa yana cikin lissafina. Ni lafiya lau nake, alhamdulillahi. Sanyi ne dai, shi ma an saba.

Dalilin wannan takarda, labari ya iso ni cewa Baffa ya kawo mai siminti ya auna zaure, wai za a yi masa filasta ciki da waje kafin damina, kuma da kuɗin da na turo. In haka ne, don Allah a dakata. Kuɗin nan na gyaran laka ne. Ba raina Baffa nake yi ba, na san so yake gida ya yi kyau, amma siminti kashe zauren zai yi.

Bangon tubali yana shan danshi daga ƙasa da damina, in rana ta fito ya fitar da shi ta fuskarsa. Siminti yana toshe wannan hanyar, kamar a sa wa mutum rigar leda da bazara. Kuma laka da siminti ba sa motsi tare, zafi ya buɗa su sanyi ya tsuke su, kowanne da nasa gwargwado, sai filastar ta yi 'yan tsagu sirara. Ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki tubali ya zama taɓo. Ranar da filastar za ta ɓallo, da fuskar bangon take tafiya, har zanen da ke jikinsa. Ka je ka ƙwanƙwasa duk wani tsohon bangon laka da aka yi wa siminti, za ka ji ƙarar rami a bayansa.

Daga sama ake fara aiki. A hau rufi a share, a cire ciyawa da tushenta, a duba inda ruwa ke kwanciya a cike shi ya gangara zuwa indararo. Kowane indararo a zuba masa bokitin ruwa a gani. Wanda ke zuba a jikin bango ya yi gajere ko bakinsa ya zaizaye, a sa wanda zai fito aƙalla kamu guda, a jera duwatsu inda ruwan ke sauka don kada fantsama ta ci gindin bango. Azara kuma a kanta take ruɓewa, wato inda ta shiga cikin bango, tsakiyarta tana iya zama garau. A soka tsinin wuƙa a wurin. In ta shige ba wuya, gara ko danshi sun gama da ita. A tokare rufin tukuna, a canza su ɗaya bayan ɗaya, kada a zare biyu a jere lokaci guda.

Sai gindin bango. Randunan nan da wurin alwala da ke jikin bangon gabas a matsar da su. Itacen girki da tsofaffin zana ma haka, su ke kiran gara. A cike ƙasa ta gangaro daga bango zuwa waje. Tsagar da ke saman ƙofa kada a cusa mata laka nan take. A ja layi da fensir a bakinta biyu, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata, a sake aunawa bayan mako uku. In tana nan yadda take, tsohuwar tsaga ce, a buɗa ta a jiƙa, a ɗinke da guntayen azara a gicciye, a cike. In tana ƙaruwa, matsalar a harsashi take, yaɓe ba zai yi komai ba.

Ƙasar yaɓe a samo irin ta bangon, a cuɗa da ciyawar ramno da kashin doki, a tattake da ruwa, a bar ta ta kwana da yawa, a sake tattakawa. Magini mai gaggawa zai ce ta yi tun ranar farko, kada a yarda. Kafin a taɓa zaure a gwada a bangon bayan gida, wuri uku, kowanne kamu guda, a bambanta yawan yashi. Wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an murza da hannu yashi ya yi yawa. A yayyafa wa bango ruwa kafin a yaɓa, kaurin kowane shafi kada ya wuce yatsa, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Shafin ƙarshe da ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa. In za a sami mai haɗa laso na gaske, wato shafin gargajiya mai hana ruwa shiga, da katsi da gashin jima da dafara, a yi wa rufi da zankwaye, nan ne ruwa ya fi duka. Zanen fuskar zaure kuwa a ɗauki hotonsa daga nesa da kusa, da rula a jikinsa, kafin kowa ya sa hannu. Inda ya ɓalle a cike daidai da wanda ya rage, ba a so magini ya ƙara nasa fasalin.

Baffa zai ce laka aikin kowace shekara ce. Gaskiya ne, haka take. Babban masallacin Jenne a Mali, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi, kuma UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Bakan gizon rufin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau masana gini zuwa suke su auna. Namu ƙarami ne, amma hannu irin wannan ne ya yi shi.

Na san abin da ake faɗa, wai mai zaune a Jamus cikin ɗakin siminti shi ke hana mutane siminti. Ba ni ke kwana da yoyo ba, ku ne. Ranar da aka kai Malam ma ba na nan. Abin yana cina. Amma ko ba komai aikin nan shi nake ci da shi, kullum a ma'ajiyar gidan tarihi nake wuni, kayan da suka kai ɗaruruwan shekaru ake damƙa min, ba za a ce na ƙi faɗin abin da na sani a gidanmu ba.

Magana ta biyu ta fi damuna. An ce wani dillali yana zagayen akwatin marigayi Malam, ya yi wa Auta tayin tsofaffin takardu da takobin da ke ciki. Ka ja masa kunne. Ko ban da gado da haƙƙin sauran magada, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba ta amince da shi ba, ta hana fitar da su ba izini, kuma aikin hannu da aka yi kafin 1918 yana ciki. Kayan tarihin masarautar Bini da aka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar waɗanda ke hannunta. Abin da ya fita haka yake daɗewa. In Auta kuɗi yake buƙata ya gaya min kai tsaye.

Akwatin a ɗauke shi daga zaure kafin a fara aiki. A ɗora shi kan benci, ya bar ƙasa, ya bar bango da taƙi guda. A nan muna riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, don in ya haura 65 ya daɗe fumfuna ke tashi. Ku ba ku da na'ura, to ɗaki mai iska wanda ba ya yoyo, kuma ban da leda, leda tara gumi take. A naɗe kowane kundi da farin yadin auduga da aka wanke ba sitaci, don sitaci abincin ƙwari ne. Jarida ma a'a, tana sa takarda ta yi ja.

Takardun ba a ɗinke suke ba, in suka watse an shiga uku. Mutum ɗaya ya zauna da hannu wankakke busasshe, ya juya su ɗaya ɗaya. A ƙasan shafi za a ga kalma guda a gefe, ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jeri. A sa lamba ƙarama da fensir a kusurwa, ban da biro, a ɗauki hoton gaba da baya a inuwa. Tawadar da ƙaro aka haɗa ta, jiƙaƙƙen tsumma zai wanke rubutun, ƙura da burushi mai laushi ake share ta. Wadda ta yage a bar ta a yage, a sa ta cikin ninkin farar takarda. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, lamineshan kuwa ya fi komai muni, don in an manne shi ke nan. Gafaka in ta bushe kada a shafa mata mai. Takobin a zare shi daga kube, a goge da ɗan man keken ɗinki a tsumma, ban da sanfefa da toka.

Kuɗin a raba uku: kashi biyu na rufi da azara da magini, kashi ɗaya ya zauna a hannunka har a ga halin tsagar. A hannunka, Yaya, ba hannun Baffa ba, kuma ba buhun siminti ko ɗaya a ciki. Magini a biya shi rabi, sauran sai yaɓen gwaji ya bushe ka gani da idonka. Ƙarshen wata in an biya mu zan ƙaro na makuba da na Inna, haya ce ta ɗan riƙe ni.

Ka fara yi wa Baffa magana kai kaɗai, kada a gaban yara. In ya ƙi, ka haɗa mu a waya bayan sallar Juma'a. Ka turo min hoton tsagar da rula a kanta, da na kan azarar kusurwar arewa. Ka gaishe da Gwaggo da yara.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka