Kowa ya duba asusunsa na banki

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya na karɓo takardar shige da ficen kuɗin asusuna, sai na tarar banki ya ɗora mini bashin da ban nema ba. Kuɗina bai kai ba, suka biya cak ɗin da na rubuta, suka aza ruwa a kai. Ruwa fa, abin da muke gudu!

Don Allah ku duba naku. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020, kuɗin kula da asusun cak bai wuce naira 1 kan kowace 1,000 da ka fitar. Wanda aka zarce masa ya rubuta wa bankinsa ƙorafi. In bankin bai warware ba, ya kai Babban Banki.